Shekara goma sha ɗaya kafin injiniya ya zama lauya

Wanda ya karanta injiniya a jami'ar Najeriya, daga baya ya ga yana son zama lauya, ga abin da ke gabansa. Ya riga ya ci shekara 5 a digirin farko, ya yi shekara 1 ta bautar ƙasa. Idan Allah ya sa ya samu gurbi a tsangayar shari'a, galibi daga aji biyu za a ɗauke shi, ya zauna benci ɗaya da yaran da ya ba wa shekara biyar ko shida, ya sake shekara 4. Daga nan ya wuce Makarantar Horas da Lauyoyi, ko Bwari ko Bagauda ko Yola, ya ƙara shekara 1. Shekara 11 ke nan, in babu yajin aiki, in kuma bai faɗi ko kwas ɗaya ba. Akanta zai ci 10. Likita kuwa, da shekara 6 na karatu, da shekarar sanin makamar aiki a asibiti, da bautar ƙasa, sai ya kai 13 kafin ya sa baƙar riga ya tsaya gaban alƙali. Mai iyali, ko wanda ƙanne ke jiran ya fara ɗaukar albashi, ko fara wannan lissafin ba ya yi.

Tun kafin nan ma aka rufe ƙofar. Yaro yana shiga babbar sakandare, yana ɗan shekara 14 ko 15, ake raba su gida biyu, waɗannan ɓangaren kimiyya, waɗancan ɓangaren adabi da zamantakewa. Mafi yawan tsangayoyin shari'a suna neman kiredit a adabin Turanci, a jarabawar JAMB ma sai an rubuta shi, ɗan kimiyya kuwa a yawancin makarantu ba ya ɗaukar wannan darasi. Kowa ya san yadda ake rabon a gidajenmu. Wanda ya iya lissafi, uba ya dafa kansa ya ce, “Kai likita za ka zama in sha Allahu.” Wanda Allah ya hore wa baki da gardama, a ce, “Wannan ai lauya ne.” Shi ke nan an yanke wa yaro hanya tun bai san me lauya ke yi ba, kuma an raba aikin lauya da kusan duk yaran da ke jin daɗin lissafi da kimiyya.

A ganina wannan tsari ya tsufa, kuma ƙasa ce ke asara. Ya kamata a buɗe hanyar da ɗalibi zai haɗa karatun lauya da wani fanni a tafiya ɗaya, misali lauya da akanta cikin shekara 6 maimakon 8, a kuma gajarta wa masu digiri a hannu hanyar shiga. Ba kowane ɗalibi nake nema wa haka ba. Yawancin lauyoyi za su ci gaba da bin hanyar da aka saba, kuma babu aibi a ciki. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, mai man fetur da ma'adinai da bankuna da asibitoci da kamfanonin waya, tana buƙatar wasu daga cikin lauyoyinta su zama masu iya karanta rahoton likita, da littafin kuɗin kamfani, da taswirar safiyo, da bayanan da kwamfuta ta fitar, ba sai an fassara musu ba.

Duk wanda ya taɓa zama a babbar kotu ranar da aka kira likita ba da shaida a shari'ar kisa ko ta fyaɗe zai gane inda na dosa. Likita ya tsaya, ya rantse, ya karanto rahotonsa da Turancin asibiti. Lauyan wanda ake tuhuma ya miƙe, ya gyara zaman rigarsa, ya tambaye shi shekarar da ya gama makaranta, ko shi ne ya sa hannu a takardar, ko wannan hatimin na asibitinsu ne. Sai ya rusuna ya ce, “Ya mai shari'a, iyakar tambayoyina ke nan.” Bai tambayi awa nawa aka yi tsakanin faruwar abin da lokacin da aka duba ba. Bai tambayi inda aka ajiye jinin da aka ɗiba ba, ko hannun wa da wa ya bi kafin ya isa ɗakin gwaji, ko akwai wata cuta da ke haifar da irin wannan alama. Sau da yawa lauyan mai ƙoƙari ne, ya kwana yana karanta hukunce-hukuncen baya, amma bai ma san akwai waɗannan tambayoyin ba. Haka abin yake a ɗaya ɓangaren. Mai gabatar da ƙara da bai san abin da zai zaƙulo daga bakin likita ba yakan bar gibi, mai laifi ya bi ta nan ya fita, yarinyar da aka zalunta ta koma gida da iyayenta hannu rabbana.

Kano ta ga babban misalin wannan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada sabon maganinsa mai suna Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa na birnin. Yara 200 aka sa a gwajin, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani magani da aka riga aka sani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta yi wannan ɓarna, iyaye da gwamnati suka ce an yi gwajin ne ba bisa ƙa'ida ba. An yi shekara da shekaru ana shari'a a Najeriya da Amurka, sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To duba tambayoyin da shari'ar ta rataya a kansu. Yawan maganin da aka ba yaran rukuni na biyu ya kai yadda aka saba bayarwa? Kurumtar da yaro ya samu daga magani take ko daga sanƙarau, tunda ita ma cutar tana kurumtarwa? Mece ce amincewar iyaye a gwajin magani, idan uba bai iya karatu ba kuma ɗansa na kwance rai a hannun Allah? Wane kwamiti ne ke da hurumin ba da izinin gwaji, kuma yaushe aka rubuta takardar izinin? Bayan an sasanta ma, sai aka gindaya gwajin ƙwayar halitta kafin a biya iyali diyya. Kowace tambaya a nan rabinta doka ce, rabinta likitanci. Kamfani irin wannan yana da kuɗin ɗaukar lauyoyin da suka san fannonin biyu ciki da bai. Talakan da ɗansa ya kurumce kuwa, abin da ƙasarsa ta tanada masa shi zai samu.

Shari'ar zaɓe ma ta koma can. A 2019 an kwashe watanni ana gardama a kan ko hukumar zaɓe tana da rumbun kwamfuta da ta tara sakamako a ciki. Shari'ar gwamnan Osun da ta biyo bayan zaɓen 2022 a kan bayanan na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS ta juya. Sashe na 84 na dokar shaida ta 2011 ya shimfiɗa sharuɗɗan karɓar duk abin da kwamfuta ta fitar, daga bayanin asusun banki har saƙon waya, kuma lauyan da bai san yadda na'ura ke adana bayani ba, takardar shaida kawai zai iya haɗawa, ba zai iya titsiye wanda ya kawo ta ba.

Amma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne batun P&ID. A 2010 ma'aikatar man fetur ta sa hannu a kwangila da wannan ƙaramin kamfani, a kan zai gina masana'antar sarrafa iskar gas a Kalaba, gwamnati kuma ta riƙa kai masa gas har shekara 20. Ba a gina masana'antar ba, ba a kai gas ba. Kamfanin ya kai ƙara gaban kwamitin sasanci a Landan, a 2017 aka yanke cewa Najeriya ta biya shi dala biliyan 6.6, ga kuɗin ruwa da ya yi ta hawa har jimillar ta tasam ma biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙalin babbar kotun Landan, Robin Knowles, ya gamsu cewa da cin hanci aka samu kwangilar, da zamba kuma aka ci shari'ar, aka rushe hukuncin. Na san wani zai ce ai wannan matsalar rashin amana ce, digiri ba ya maganinta. Gaskiya ne. Sai dai a tambaya daga ina biliyan 6.6 ɗin ta fito. Daga lissafin ribar da kamfanin ya ce da zai ci cikin shekara 20 ta fito: farashin abin da zai sayar, kuɗin gina masana'anta da gudanar da ita, yawan kwanakin da za ta yi tana aiki a shekara, da ƙimar kuɗin gobe idan aka mayar da shi na yau. Ɗan motsi kaɗan a ɗaya daga cikin waɗannan lambobi yana iya zaftare ɗaruruwan miliyoyi. Alƙalin da kansa ya nuna damuwa da yadda aka kare Najeriya a gaban masu sasancin. Kwangila irin wannan, da lauyan da ya san harkar gas ne ya karanta ta da idon basira tun ranar farko, da wuya ta wuce teburinsa ba tare da ya yi kururuwa ba. Mai cin hanci kuwa ya fi samun sakewa a ofishin da babu wanda ya fahimci abin da aka rubuta.

A ƙarshen 2024, da aka kai ƙudurorin gyaran haraji gaban majalisa, gwamnoni da sarakunan Arewa suka taru a Kaduna suka ce ba su yarda da sabon tsarin rabon harajin VAT ba. An yi ta kai ruwa rana a rediyo da Facebook. Abin da na lura shi ne mai fassara sashen doka daban, mai lissafin abin da kowace jiha za ta samu daban, da wuya ka ji mutum ɗaya ya riƙe duka biyun ya yi wa jama'a bayanin da za su kama. Maƙwabtanmu na Nijar ma suna cikin irin wannan da kamfanin Orano na Faransa a kan yuraniyom ɗin Arlit, rikici ya kai gaban masu sasanci na ƙasa da ƙasa, gwamnati kuma ta mayar da Somaïr, kamfanin da ke haƙar yuraniyom ɗin, mallakin ƙasa a 2025. Wanda zai kare Nijar a can sai ya san doka, ya kuma san yadda ake kimanta ma'adini a ƙarƙashin ƙasa.

Amsar da aka saba bayarwa ita ce lauya ba sai ya san komai ba, ya kira ƙwararre ya ba da shaida. Na yarda ana kiran ƙwararre, kuma za a ci gaba da kiransa. Amma wa zai zaɓe shi, ya gane cewa ya san aikinsa? Wa zai karanta rahotonsa ya ce masa, “Ranka ya daɗe, wannan shafin ba zai tsaya a kotu ba, a sake dubawa”? Ranar da ƙwararren ɗaya ɓangaren ya hau ba da shaida, naka ƙwararren ba shi da izinin buɗe baki, lauya ne kaɗai ke tsaye, kuma amsar da shaida ya bayar ita ke haifar da tambaya ta gaba, cikin daƙiƙoƙi. Daga cikin lauyoyin nan ne kuma ake naɗa alƙalai, waɗanda idan ƙwararru biyu suka saɓa, su za su ce ga wanda aka gaskata.

A Amurka, inda aka fi jin labarin haɗa digiri biyu, ba a fara karatun lauya sai an gama digirin farko a wani fanni, ko tarihi ko kimiyya ko tattalin arziki. Karatun lauya shekara 3 ne a kan wancan, don haka kowane lauyansu da abin da ya shigo da shi. Sannan manyan jami'o'i suka ƙara haɗa lauya da wani babban digiri. A Harvard lauya da harkar kasuwanci shekara 4 ne maimakon 5, a Northwestern da Pennsylvania an matse shi zuwa 3. Akwai lauya da kiwon lafiyar al'umma, lauya da tsara manufofin gwamnati, har lauya da likitanci. Dabarar ɗaya ce, kowace tsangaya ta yarda ta lissafa wasu kwasa-kwasan 'yar'uwarta a matsayin nata. Ofishinsu na rajistar ƙirƙire-ƙirƙire ma ba ya barin lauya ya shigar da takardar neman haƙƙin ƙirƙira a madadin wani sai yana da tushe a kimiyya ko injiniya. Ban ce mu kwafi Amurka ba. Shekara 7 da kuɗin makarantar da ke barin ɗalibi cikin bashi har furfura ba namu ba ne.

Indiya ta fi kusa da mu. Su ma daga Ingila suka gaji dokokinsu, su ma ga ɗimbin jama'a ga ƙarancin kuɗi. A ƙarshen shekarun 1980 aka buɗe makarantar lauyoyi ta ƙasa a Bangalore ƙarƙashin Farfesa Madhava Menon, da tsarin shekara 5 wanda ɗalibi ke shiga daga sakandare ya fito da digirin zamantakewa da na lauya a haɗe. Tattalin arziki da tarihi da siyasa ana saƙa su da darussan doka tun shekarar farko. Yau tsarin ya bazu a faɗin ƙasar, akwai masu haɗa lauya da kasuwanci, akwai masu haɗa shi da kimiyya. Babbar cibiyar fasaha ta Kharagpur kuwa masu digirin kimiyya da injiniya da makamantansu take ɗauka a karatun lauyanta. A Ostireliya haɗa lauya da wani digiri cikin shekara 5 abu ne na yau da kullum. Ita kanta Ingila, wadda muka kwafo wa riga da hula, tana barin mai digiri a kowane fanni ya yi kwas ɗin shekara 1 na tushen doka, ya wuce horon aiki. Mu da muka koya a wurinsu muka ce sai 4.

Abin da ke ƙara mini ƙarfin gwiwa shi ne mu a nan mun riga mun san haɗa karatu biyu. Jami'ar Bayero da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ilorin sun daɗe suna yaye ɗalibai da digirin da ya ƙunshi dokokin da aka gada daga Ingila da shari'ar Musulunci, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da nata sashen shari'a a harabarta ta Kongo da ke Zariya. Ɗalibi ya fito daga ajin dokar kwangila da safe, da rana ya shiga ajin mirasi ko usulul fiƙhu. Tsari biyu ne masu tushe daban, da harshe daban, da hanyar kafa hujja daban, amma aka jera su a shekara 5, kuma waɗanda suka fito daga ciki suna nan suna alƙalanci a kotunan ƙasar nan. Tun kafin jami'a ma akwai makarantar horas da alƙalai da aka buɗe a Kano a 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, da malamai daga Sudan, wadda ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947, aka haɗa wa ɗalibanta da Turanci da lissafi. Alƙalinmu kuwa bai taɓa rabuwa da lissafi ba. Wanda bai iya kasafi ba bai isa ya raba gado ba: tumuni na mata, sudusi na uwa, rabon namiji ninkin na mace, sannan ga mas'alar auli, inda kason magada ya zarce dukiyar, a rage wa kowa gwargwadon rabonsa. A da dai gadon gona ne da shanu da gida. Yau mamaci yakan bar hannun jari a kamfani, da kuɗin fansho, da bashin banki, da shago a Kantin Kwari wanda ba a rubuta wane dila ne nasa, wane ne na amana ba. Kafin a kai ga tumuni da sudusi sai an tantance me ya bari, me ake binsa, nawa ne ƙimarsa, wannan kuwa aikin akanta ne. Gado da yawa a nan yake maƙalewa shekara da shekaru, marayu suna jira.

Haka bankin Musulunci. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi. Takardar murabaha, wato ciniki da ribar da aka bayyana, ko ta ijara, wato haya, guda ɗaya sai ta gamsar da malamin fiƙhu, ta gamsar da Babban Banki, ta gamsar da mai karɓar haraji, ta kuma tsaya a gaban alƙalin babbar kotu in an samu saɓani. Ɗalibin da ya haɗa doka da shari'a a Kano ko Sakkwato ya riga ya ci rabin hanya, saura a ƙara masa sanin kuɗi.

Sukar da na fi ɗauka da muhimmanci ita ce ta malaman jami'a da kansu, waɗanda ke cewa ba a tauna taura biyu a baki ɗaya. Suna cewa ɗaliban da ake yayewa yanzu ma, da fanni ɗaya tak, wasunsu ba sa iya rubuta takardar ƙara mai ma'ana, kuma kowace shekara ɗaruruwa ke faɗuwa jarabawar ƙarshe ta makarantar lauyoyi. Tsarin haɗa dokar Ingila da shari'a ma ya nuna wannan haɗari, domin akwai waɗanda suka fito da takardar amma ba za su iya buɗe littafin fiƙhu su karanta layi biyu da Larabci ba. Wannan magana tana da nauyi, ba zan kore ta ba. Idan za a yi abin ne don a tara ɗalibai ɗari biyar a aji a raba musu takardu biyu, gara kada a fara. Amma a duba manhajar da ake bi yanzu. Shekarar farko ta ɗalibin lauya galibinta ba doka ba ce, Turanci ne da mandiƙi da tarihi da ɗan tsinci-tsinci daga wasu sassa, kuma ana ci gaba da ɗaukar kwasa-kwasan zaɓi daga waje a shekara ta biyu. Lokacin yana nan, warwatsa shi ake yi. Sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta fitar a ƙarshen 2022 ma ta bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 ta tsara da kanta. Idan aka tattara wannan sarari wuri ɗaya, aka ƙara shekara ɗaya a kai, ba sai an taɓa dokar laifuka ko ta filaye ko ta shaida ko tsarin mulki ba. A ɗauki ɗalibai kaɗan, waɗanda suka nuna ƙwazo a shekarar farko, a kuma bar ƙofar fita a buɗe, wanda kaya ya yi wa nauyi ya koma digiri ɗaya ba tare da ya yi asarar shekara ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Ƙarin shekara a jami'a ba wasa ba ne ga ɗan talaka, balle a ƙasar da yajin aikin malamai ya cinye wata 9 a 2020 da wata 8 a 2022. Ina kuma tsoron jami'o'i masu zaman kansu su riga kowa, su mayar da abin hajar sayarwa a miliyoyin naira. Amma a tuna cewa 'ya'yan masu hali tuni suke yin wannan haɗin. Su gama lauya a gida, su tafi Dundee ko Aberdeen a Birtaniya su yi digiri na biyu a dokar mai da gas, ko su fara da tattalin arziki a Ingila su juya zuwa lauya cikin shekara guda. Rufe ƙofar a gida bai hana su komai ba. Wanda ya hana shi ne ɗan malamin firamare daga Gumel ko Argungu, da yarinyar da iyayenta suka yarda ta yi digiri ɗaya kafin aure, ba za su yarda da biyu a jere ba. Don haka nake son jami'o'in gwamnati su fara, asusun ba da rancen karatu na NELFUND kuma ya ɗauki shekara ta shida kamar sauran.

Ba na kuma so a ɗauka cewa mai digiri biyu zai buɗe asibiti da safe, da yamma ya buɗe ofishin lauya. Ƙa'idojin aikin lauya a Najeriya sun hana mutum haɗa shi da wata sana'ar ƙwararru a lokaci ɗaya sai da izini, kuma hanin yana da hikima. Aikin lauya ake so ya ƙara zurfi. Mu mutane ne masu son jera laƙabi kafin suna, wannan kuma cuta ce da za ta iya lalata tsarin tun daga tushe idan ba a sa ido ba.

Abin da za a fara da shi ma ko kwabo ba ya buƙata. Hukumar JAMB da tsangayoyin shari'a su ware wasu gurabe ga ɗan kimiyya mai kyakkyawan sakamako a Turanci, a daina korarsa saboda adabin da makarantarsa ba ta koya masa ba. Idan ana tsoron rubutunsa, a gwada shi a rubutu. Sai kuma masu digiri a hannu, likita da injiniya da akanta da safiyo da jami'in ɗan sanda, waɗanda babu dalilin sake zaunar da su a darussan share fage. Majalisar kula da ilimin lauyoyi, wadda ita ke ƙayyade wa kowace jami'a adadin ɗaliban da za ta ɗauka, tana iya amincewa da hanya ta shekara 2 ko 3 ta zallan ginshiƙan doka, a cikin wannan adadin dai, kada a ƙara cunkoso a makarantar lauyoyi. Digiri biyu a haɗe kuwa a gwada shi a jami'a biyu ko uku, da fanni ɗaya ko biyu, a bi sawun waɗanda suka fito a ga inda suka kai kafin a faɗaɗa. Da ni za a tambaya, da lauya da akanta zan fara, domin su suka fi yawan mahaɗa, daga dokar kamfanoni zuwa haraji zuwa banki, sai lauya da kimiyyar kwamfuta ya biyo baya. Harabar Kongo a Zariya ta kwashe shekaru masu yawa ɗalibin lauya da ɗalibin akanta suna kwana wuri ɗaya, suna sallah masallaci ɗaya, kowa da azuzuwansa. Abin da ya rage shi ne shugaban tsangayar shari'a da shugaban sashen akanta su zauna su jera kwasa-kwasansu, su ga wanne ne ke maimaita wanne, su kai takardar gaban majalisar jami'a, daga can ta wuce Abuja.